Hayaƙi Kafin Itá Kañy

Litinin, 13 ga Satumba, tsakar rana

Kogi ya sake sauka yatsa uku. Jiya muka baro Concepción da barkasa goma sha biyu a gabanmu, wato manyan jiragen dakon kaya marasa inji, an ɗaure su uku-uku, kowacce an yi mata rabin ciki da waken suya, domin in aka cika ta ƙasa za ta kama. Jirginmu Doña Tomasa na tura su daga baya a hankali, kamar tsohuwa tana kora shanun da ba sa son tafiya.

Shekarata arba'in da ɗaya ina bakiyano, wato jagoran jirgi, a wannan ruwa. Aikina in tsaya a tagar ɗakin tuƙi in dubi fuskar kogi, in ce dama ko hagu, Nicasio ya murɗa sitiyari. Kyaftin Cañete na da hula da takardu, ni kuwa kogin ne nawa, kuma shi ma ya sani.

'Yata Graciela ce ta aiko mini da littafin nan daga Buenos Aires, wai in rage surutu da kaina. Da rana tsaka nake rubutu, domin biron nan ba ya kamawa sosai.

Akwai hayaƙi yau. Dajin Chaco na ci da wuta a gaɓar yamma.

Talata, 14 ga Satumba, bayan abincin rana

Muna shan terere, shayin ganye na ruwan sanyi, a inuwar ɗakin tuƙi, ƙahon da muke sha a ciki na zagayawa daga hannu zuwa hannu, sai Kyaftin ya kawo maganar da kowa ke kauce wa.

"Don Crispín, ofis sun ce ayari goma sha tara ne a bayanmu. Kowa ya ɗaure ya zuba ido ya ga yadda za mu yi da dutsen Itá Kañy."

Na ce, "To su nemi kujera."

"Ba wasa nake ba. In barkasa ɗaya ta fashe ta zauna a bakin mashigin nan, an rufe kogi ke nan sai ruwa ya dawo. Ba mai sauka, ba mai hawa. Garuruwan arewa ko man janareta ba za su gani ba."

"Na ji."

"Kai kaɗai ka rage cikin waɗanda suka taɓa ganin dutsen a waje."

Gaskiyarsa. Ina ɗan shekara goma sha bakwai kogi ya taɓa yin irin wannan rama, babana ya sauke ni a kan dutsen muka taka shi da ƙafa, muka auna ƙofar da ke tsakanin haƙoransa biyu. Taku arba'in da huɗu. Barkasa uku a jere taku talatin da tara ne. Tun daga shekarar ruwa ya rufe shi, jirage ke bi ta kansa ba su san yana nan ba. Na'urar auna zurfi kuwa sai ka hau abu take gaya maka ka hau.

Na miƙa ƙahon na ce kada ya damu. Muryata ta fita daidai.

Alhamis, 16 ga Satumba, tsakar rana

Hayaƙi. Rana ja ce, ana iya kallonta ido da ido.

Asabar, 18 ga Satumba, ƙarfe ɗaya

Kogi na ta dawo da abin da ya haɗiye. Ma'aikata sun ce sun ga haƙarƙarin wani tsohon jirgin itace a kan yashi, da shanu tsaye a wurin da bara muka wuce da ƙafa goma sha biyu na ruwa a ƙarƙashinmu. Na ji kukansu. Sautin na zuwa daga tsakiyar kogi, ya sa na ji kamar muna tafiya a cikin makiyaya, mu da gidajen ƙarfenmu, ba mai ce mana komai.

Ruwa mai zurfi fuskarsa sumul take kamar an shafa mai. A kan yashi yakan yamutse. A kan dutse yakan ɗan kumbura ya murɗe. Iyakar karatun ke nan, amma sai mutum ya tsufa kafin ya iya.

Yau na fito da sabuwar dabara. Na ce, "Nicasio, me ka gani gaban barkasar dama?"

"Ya yamutse, Don Crispín. Yashi ne."

"Ashe ka fara hankali. Hagu kaɗan."

Haka muka wuni. Yana tsammani jarraba shi nake yi, har da gyara tsayuwa. Shekararsa arba'in da uku, tara daga ciki a gefena, amma ɗan tudu ne. Ubansa manomin rake ne a Villarrica, inda ko kwale-kwale ba su sani ba. Da ya ga na sake, sai ya gwada sa'arsa.

"Tunda yau makaranta ake yi, ba za a taɓa mini alamar Itá Kañy ba?"

"Je ka tambayi rake."

Ya yi dariya. Ya saba. Babana ya ce alamar nan ta jini ce, daga uba sai ɗa. Ni kuwa Allah ya ba ni Graciela, wadda ko a jirgin fito amai take yi.

Lahadi, 19 ga Satumba, da hantsi

Na yi mafarkin Baba. Yana tafiya a tsakiyar kogi, babu ruwa ko ɗigo, takalmansa rataye a wuya. Kifaye na shawagi a iska daidai kafaɗarsa, ba su damu ba. Komai na gani tar, har zaren da Inna ta ɗinke masa aljihu da shi. Na kira shi, ya juyo ya nuna mini wani abu da baki, irin yadda yake yi in hannunsa na kan sitiyari. Kafin in juya na farka.

Na daɗe kwance ban buɗe ido ba. A can ya fi haske.

Laraba, 22 ga Satumba, ƙarfe biyu

Mun zauna.

Zan rubuta yadda aka yi sau ɗaya. A Kwanar Tajy doka ɗaya ce tun zamanin kakana: ka miƙe kan babban itacen tajy na gaɓar gabas har sai ka ga kamar za ka hau shi, sannan ka karya dama. Da safen nan na gan shi. Ya yi fure, ruwan hoda tun daga sama har ƙasa, yana tsaye cikin hayaƙi shi kaɗai, ya fi kowace shekara kyau. Raina ya yi fari. Kwana nawa ban ga abu sosai haka ba.

Na ce, "Miƙe kan tajy."

Nicasio ya ce, "Don Crispín..."

"Na ce miƙe."

Ya miƙe. Ba a ji ƙara ba. Wani dogon numfashi kawai aka ji daga gaba, igiyoyin ƙarfe suka yi kuka, kofin Kyaftin ya zame daga tebur ya faɗi. Barkasa uku na gaba suka hau yashi suka kwanta abinsu.

Yashi ne, ba dutse ba, babu abin da ya fashe. Ina ta maimaita wa kaina wannan tun ɗazu.

Alhamis, 23 ga Satumba, tsakar rana

Ana haƙa, ana ja. Ban ci abinci ba.

Juma'a, 24 ga Satumba, la'asar

Kyaftin ya wanke Nicasio tas a gaban kowa. Ya ce hannunsa ne a kan sitiyari, ya makara wajen karyawa, Don Crispín bai taɓa zaunar da ayari ba cikin shekara arba'in. Ya ce ya rubuta wa ofis, a Villeta zai sauka da jakarsa. Nicasio na da 'ya'ya huɗu a Pilar. Ya tsaya ya shanye faɗan duka. Ni ma ina tsaye a wurin, ina duban taga.

Bayan an watse Nicasio ya same ni a bayan jirgi, ya zuba ruwan sanyi a ƙaho ya miƙo mini. Sai da ya taɓa hannuna da shi na karɓa.

Ya ce, "Tajy ɗin ya ƙone tun watan Agusta, Don Crispín. Baƙin kututture ne ya rage. Kuma mun riga mun wuce shi lokacin da ka yi magana."

Na tsotsi terere har ya yi ƙara.

"To me ya hana ka gaya wa Kyaftin?"

"Ba ni zan faɗa ba."

Ya karɓi ƙahonsa ya tafi. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Kunya nake ji, irin wadda ban ji ba tun ina yaro.

Amma na ga furen nan. Na gan shi.

Litinin, 27 ga Satumba, tsakar rana

Mun taso bayan kwana biyar. Kogi ya sauka yatsa goma sha ɗaya muna zaune. Yanzu ba na cewa jarrabawa ce. Nicasio na faɗin abin da ke gaba a hankali, kamar mai magana da kansa, ni kuma in ɗaga murya in ce dama ko hagu. Ba mu taɓa shirya haka ba.

Laraba, 29 ga Satumba, ƙarfe uku

Mun iso saman Itá Kañy. An kwance ayari, an ɗaure barkasa a itatuwan gaɓa. Uku-uku za mu ratsa da su, sawu huɗu ke nan. Masu auna zurfi da gora sun fita da ƙaramin jirgi suna caka ruwa, suka dawo suka ce dutse ko'ina, ba su gane ƙofa ba. Ba za su gane ba, a karkace take.

Kyaftin ya dafa kafaɗata ya ce, "Ga abokinka can, Don Crispín. Ka gane shi?"

Na dubi inda muryarsa ta nuna. Fari ne fat, kamar an shanya zanin gado daga wannan gaɓa zuwa waccan.

Na ce, "Bai canza ba."

Ina jin dutsen dai. Yana wani ƙaramin gurnani a ƙarƙashin ruwa. Na ce a ba ni kwana biyu in karanci ruwan.

Alhamis, 30 ga Satumba, tsakar rana

Hayaƙi. Hayaƙi.

Juma'a, 1 ga Oktoba, bayan abincin rana

Yau ce ranar da Karai Oktubre, tsohon yunwa mai hular kaba da bulala, ke leƙa tukwane. Gidan da bai tarar da tukunya cike ba, nan yake sauke kayansa ya shekara. Ña Librada mai dafa mana abinci ba ta wasa da wannan. Tun da asuba ta ɗora jopará, wake da masara da ƙashin saniya, ta cika wa kowa kwano har yana zuba.

Na tsaya a kicin bayan kowa ya fita. Ni da ita mun yi shekara ashirin a jirgi ɗaya, ita ta yi wa matata wankan gawa. Ta ajiye mini cokali, na kai hannu na dafa tebur.

Ta ce, "Yana hagunka."

"Hayaƙin nan ne ya ishi mutane."

"Wane hayaƙi? Iskar kudu ta share shi tun shekaranjiya. Sama tas take, Crispín. Daga nan ina ƙirga tantabarun da ke kan rufin cocin can."

Na laluba na ɗauki cokalin.

"Wata uku ina matso maka da gishiri kusa da hannu, kana tsammani gishirin ne ke da ƙafa? Na yi shiru don girmanka. Amma yanzu za ka cinye abincin 'ya'yan mutum huɗu, gobe kuma ka rufe wa duniya kogi, don kada a ce tsoho ya gaji."

"Librada, in na faɗa, sauke ni za su yi. Me zan yi a tudu?"

"Abin da sauran tsofaffi ke yi. Ka zauna ƙarƙashin mangwaro ka yi wa jikoki ƙarya." Ta turo kwanon. "Ci. Ba na son tsohon can ya leƙo ya ga saura."

Na ci. Ina ci ina jin tsoro, tsoro sosai, ba na dutse ba.

Asabar, 2 ga Oktoba, ƙarfe goma sha ɗaya

Da safe na hau ɗakin tuƙi, Kyaftin da Nicasio suna ciki. Na ce, "Kyaftin, tsaya a bakin ƙofa ka ɗaga yatsu."

"Wane irin wasa ne wannan?"

"Ɗaga dai."

"To, na ɗaga."

"Ban gan su ba. Kai kanka da murya nake gane ka tun watan Yuni."

Can ya ce, "Kuma ka hau jirgina."

"Na hau."

"Kwanar Tajy fa?"

"Ni ne. Ya so ya hana ni, na tsawata masa."

Ya zagi kogi, ya zagi ofis, ya zagi uwar waken suya. Ni bai zage ni ba, na kuwa so ya yi. Ya ce zai kira Asunción a turo wani bakiyano. Na ce ya kira, amma duk wanda za a turo bai taɓa ganin dutsen ba, kuma kafin ya iso ruwa ya sauka wani tafin hannu, ko agwagwa sai ta ɗage ƙafa.

"To me kake so in yi? In ba wa wanda ba ya ganin yatsuna barkasa goma sha biyu?"

"Ba ni za ka ba wa ba. Nicasio na da ido. Ni ina da dutsen."

Na juya inda nake jin numfashinsa na ce, "Kai ɗan rake, matso." Na nemi gafarar Baba a zuciyata, sannan na faɗa, da ƙarfi, a gaban Kyaftin, taga a buɗe.

"Ka ɗora gicciyen cocin can a kan tsagar jan gaɓa, ka riƙe su tare. Za ka ga kana tafiya kai tsaye kan haƙorin hagu. Cikinka zai ce ka kauce. Kada ka kauce, ruwan da ke dukan dutsen shi zai ture ka. In bakin rafi ya buɗe ta gefen Chaco, ka ƙirga numfashi goma sha biyu, naka, ba na tsoro ba. A na sha biyun ka rage injin dama ka karya gaba ɗaya."

Ya maimaita sau uku. Abin da muka riƙe tun kakana, ko minti biyu bai ci ba wajen faɗa. Wannan ya ba ni mamaki.

Kyaftin ya ce zai yaga takardar da ya rubuta a kan Nicasio, zai kuma rubuta wata. Bai faɗi a kan wa ba.

Lahadi, 3 ga Oktoba, la'asar

Sawu na farko da hantsi. Na cire takalma na tsaya a bayan Nicasio, domin ta tafin ƙafa nake jin abin da ruwa ke yi wa ƙarfe. Na rufe ido, ba su da amfani.

"Gicciye na kan tsaga," in ji shi.

"Riƙe."

"Don Crispín, dutsen na gabanmu. Ina ganin kansa."

"Riƙe."

"Za mu hau shi!"

Na ji sitiyari ya fara motsi. Na ɗora hannuna a kan nasa, jiƙe yake sharkaf. "Riƙe, ɗana." Ban shirya faɗin haka ba, fita ya yi.

Sai na ji shi a ƙafata: ruwa ya sa kafaɗa ya ture ayarin gefe, a hankali, kamar yadda saniya ke ture ɗanta. Nicasio ya ce rafi ya buɗe. Muka ƙirga tare da ƙarfi, Kyaftin na karanta addu'ar Budurwa ta Caacupé, waliyyar ƙasarmu, a bayanmu yana tuntuɓe da kalmomi. A na sha biyu ya karya. Wani abu ya goge gefen barkasar hagu, dogon ƙara siriri, sannan shiru. Masu gora suka yi ihu daga gaba: ƙafa tara, ƙafa goma.

Sawu na biyu bayan azahar. Na buɗe baki in ce riƙe, na ji ya riga ya faɗa wa kansa. Ko gogewa ba a yi ba.

Litinin, 4 ga Oktoba, tsakar rana

Sawu na uku da sassafe. Na tsaya a bayansa tun daga farko har ƙarshe ban ce komai ba. Babu wurin cewa.

Da za a koma ɗauko ukun ƙarshe sai na ɗauki takalmana na sauko kicin. Na yi ta jan ƙafa a matakala, ko wani zai ce ina za ka. Ña Librada ta ba ni wuƙa da kwandon rogo, ta ce wannan aikin hannu ya san shi.

Ina feraya ina ji. Na ji lokacin da ya ɗora gicciye, domin jirgi ya daina rawa. Na ji ruwa ya ture mu. Na ƙirga a zuci, a na sha biyu cif injin dama ya sauke murya. Na ji daɗi, na kuma ji zafi, ban san wanda ya fi ba.

"Rogo ne fa, ba albasa ba," in ji Librada.

Tagar ɗakin tuƙi a buɗe take bisa kanmu. Muna gama ɗaurewa rediyon oba-oba ta yi ƙara, ayarin farko na bayanmu ne. Suka ce suna gaisuwa, sun ga mun fita lafiya, don Allah a ba su bakiyanon Doña Tomasa ya gaya musu ƙofa.

Na miƙe tsaye da wuƙar a hannuna.

Nicasio ne ya amsa.